Wa Muke Goyon Baya Idan 'Yan Fashi Sun Shigo Gida a Labarinmu?



A zaman karatun ƙungiyarmu da ya gabata, wani ɗan'uwa ya karanta mana babi na 7 na littafin da yake rubutawa. 'Yan fashi ne suka haura gidan wani attajiri da ƙarfe biyun dare. Shugaban 'yan fashin ya samu shafi shida cur: tsayinsa, ƙamshin turarensa, yadda yake busa sigari, murmushinsa, da irin maganganun da yake jefawa masu sa dariya. Maigida ya samu layi uku. Matar gida ta samu shafi biyu, amma duk siffanta jikinta ne yayin da ake yaga mata riga. Yarinya 'yar shekara tara da aka ɗora wa bindiga a ka, ko sunanta ba a gaya mana ba. Da ya kai aya aka ɗau tafi, har da mu. Sai da muka kama hanyar gida tambaya ta faɗo mana: shin wa muka tafa wa?

Ba za mu kama suna ba, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ya buɗe littattafan da muke saki a WhatsApp da Wattpad zai ga irin wannan babi ba adadi, kuma wasunsu da hannunmu muka rubuta. Abin da muke son faɗa yau guda ne. Idan marubuci ya shigar da azzalumi cikin gidan mutane a labarinsa, shi ne yake zaɓar inda mai karatu zai tsaya ya yi kallo, kuma yawancinmu a bayan azzalumin muke tsayar da shi, muna leƙen waɗanda ake zalunta ta kan kafaɗarsa. Wannan rauni ne a rubutu, kuma cin amana ne. Akwai wani fim da ya tona asirin wannan ɗabi'a fiye da duk wata lacca da muka taɓa saurara, shi za mu sa a gaba.

Turawa sun daɗe suna yin fina-finan kutsen gida, wato labarin da baƙi ke shiga gidan mutane su tsare su, su yi ta wasa da hankalinsu. A 1955 William Wyler ya yi The Desperate Hours, inda Humphrey Bogart ya fito a matsayin fursunan da ya tsere ya mamaye gidan wani magidanci. A 1967 aka yi Wait Until Dark, Audrey Hepburn ta fito a makauniyar da miyagu uku suka rutsa a gidanta. A 1971 Sam Peckinpah ya yi Straw Dogs da Dustin Hoffman. A 2002 David Fincher ya yi Panic Room da Jodie Foster, uwa da 'yarta suka ɓuya a ɗakin ƙarfe ɓarayi na neman fasa shi. Dukansu a kan tsoro ɗaya suka tsaya: gida shi ne wurin da mutum ke tuɓe hularsa ya miƙe ƙafa, idan nan ma ba aminci to ina ya rage? Kuma akwai alkawarin da irin waɗannan fina-finai ke yi wa mai kallo a ɓoye: ka daure ka kalli azabar, a ƙarshe za mu biya ka da ramuwar gayya, za ka ga jinin mugu ka ji sanyi.

Michael Haneke, darakta ɗan ƙasar Ostiriya, ya karya wannan alkawari da gangan a fim ɗinsa Funny Games, wanda aka nuna a gasar fina-finai ta Cannes a Faransa a 1997. Labarin gajere ne. Georg da matarsa Anna da ɗansu ƙarami da karensu sun tafi hutu gidansu na bakin tafki. Anna na kicin sai ga wani saurayi mai ladabi, sanye da fararen kaya da farar safar hannu, ya ce maƙwabciya ce ta aiko shi a ba ta aron ƙwai. Aka ba shi, ya saki suka fashe, ya ba da haƙuri. Garin ba da haƙurin ya ture wayar gidan cikin ruwan wanke-wanke. Abokinsa ya shigo, shi ma bakinsa cike da "don Allah" da "na gode", ya nemi a ba shi aron sandar wasan golf ya gwada. Da ita ya kashe karen. Da Anna ta gaji ta ce su fita, mijin ya tsaya yana neman ba'asi, yana jin nauyin korar baƙi. Kafin ya farga an karya masa ƙafa da sandar. Daga nan samarin biyu, Paul da Peter, suka zaunar da iyalin a falo suka sa caca: kafin ƙarfe 9 na safe dukansu ukun sun mutu.

Mu lura da ƙofar da suka bi. Ba su haura katanga ba, ba su ɓalle taga ba. Kunya da karamcin masu gida suka taka suka shiga. Mu da muka tashi da jin baƙonka annabinka mun fi kowa sanin nauyin ce wa mutum mai ladabi ya fita. Minti kusan ashirin na farkon fim ɗin ƙwai ne kawai da ban haƙuri, amma cikin mai kallo ya riga ya ɗuri ruwa. Wannan darasin farko ne ga marubucin da ya ɗauka sai an harba bindiga ake tsorata mai karatu.

Darasi na biyu ya fi nauyi, shi ne inda kyamara take tsayawa. Lokacin da samarin suka tilasta wa Anna ta tuɓe, sun rufe kan yaron da rigar matashi, kyamara ba ta sauka kan jikinta ba. Fuskarta muke gani, da hawayenta, da fuskar mijin da ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya zo kallon tsiraici ya tashi a tutar babu, wulaƙancin kawai aka bar masa ya haɗiya. Lokacin da aka harbe yaron kuwa, muna kicin tare da Paul yana haɗa burodin da zai ci, ƙarar bindiga kawai muka ji. Da aka dawo falo sai jini a fuskar talabijin, tana ta nuna tseren motoci. Samarin suka fice. Daga nan kyamara ta tsaya wuri ɗaya na kusan minti goma ba a yanke ba. Anna a ɗaure, ta yi shiru tsawon lokaci, ta lallaɓa ta kashe talabijin, ta yi ta fama ta miƙe. Mijin yana kwance a ƙasa, can sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da ba ya da kalma. Babu kiɗa, babu wanda ya yi jawabi. Kisan bai ci daƙiƙa biyu ba, abin da ya biyo bayansa ya ci minti goma.

To mu auna da namu. A babin da muka ambata, azaba ta ci shafi takwas, washegari kuma aka ba ta layi biyu: an kai Hajiya asibiti, 'yan sanda sun zo sun tafi. Babi na gaba har an koma soyayya, ana zaɓen ankon biki. Wanda ya taɓa zuwa jaje gidan da aka shiga da dare ya san ba haka abin yake ba. Ya san matar da ta daina barci sai da fitila a kunne, da yaron da ya koma fitsarin kwance, da magidancin da ya kasa haɗa ido da iyalinsa domin an durƙusar da shi a gabansu. Nan ne labarin yake, kuma nan ne muke tsallakewa, saboda rubuta shi na da wuya, ba ya kuma sa a yi rububin biyan kuɗin littafi.

Darasi na uku shi ne na dalili. Georg ya tambayi samarin me ya sa suke yi musu haka. Paul ya ba shi labarin cewa Peter ya tashi cikin talauci a gidan da ya watse, can ya ce ƙarya yake, ɗan masu kuɗi ne da aka sangarta, can kuma ya ce 'yan ƙwaya ne, yana yi yana dariya, yana tambaya wanne ne ya fi gamsar da su. Haneke na yi wa marubuta irinmu shaguɓe ne. Mun saba ɗinka wa mugu tarihi mai ban tausayi, kishiyar uwa ta azabtar da shi, ko budurwa ta yaudare shi, har mai karatu ya manta da wadda aka yi wa fyaɗe ya koma tausayin wanda ya yi. Wasunmu ma sukan aura masa ita a ƙarshen littafi a ce ƙaddara ce, ya shiryu, soyayya ta yi halinta. Ba mu ce kada mugu ya zama mutum mai tarihi ba. Muna cewa ne idan tarihinsa ya fi na wadda ya zalunta tsawo da daɗin karatu, to marubuci ya riga ya zaɓi ɓangare.

Sai babban abin da ya sa ake ta muhawara a kan fim ɗin har yau. Paul ya san a cikin fim yake. Yana juyowa ya kalli kyamara ya kashe mana ido. Da suka sa cacar, ya tambaye mu wa muke ganin zai ci, ya ce ya san iyalin muke goyon baya. Kusa da ƙarshe Anna ta fizgi bindiga ta harbe Peter, ya bugu da bango jini ya fantsama. Wannan ne kaɗai kisan mutum da aka nuna ƙuru-ƙuru a duk fim ɗin, kuma shi ne wanda zuciyar mai kallo ke ta roƙo tun farko. Sai Paul ya lalubo rimot ɗin talabijin ya mayar da fim ɗin baya, ya ɗauke bindigar kafin ta kai hannu. An ba mu jinin da muke so, mun yi murna, an ƙwace, an bar mu da sanin cewa yanzun nan muka yi murnar ganin an kashe mutum. Wuƙar da aka nuna mana ta faɗa cikin jirgin ruwa tun farkon fim, muna ta sa rai ita za ta ceci Anna, jefa ta aka yi cikin tafki, Anna ma aka tura ta kamar buhun shara, saura awa guda lokacin cacar ya cika. Paul ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gidan, ya ce an aiko shi aron ƙwai.

Haneke ya ce fina-finan Amurka da ke mayar da zubar da jini abin nishaɗi yake yi wa raddi, shi ya sa a 2007 ya sake ɗaukar fim ɗin da Turanci, fitowa bayan fitowa ba canji, da Naomi Watts da Tim Roth da Michael Pitt, don ya isa ga waɗanda ya yi domin su. Ba kuma a nan ya fara ba. A Benny's Video na 1992, wani yaro da ya shaƙu da kallon bidiyo ya kashe wata yarinya a ɗakinsa kyamararsa tana ɗauka, kuma Arno Frisch da ya fito a yaron shi ne ya girma ya fito a Paul.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun sha ji. Na farko: ai abin da ke faruwa muke rubutawa, faɗakarwa muke yi. Faɗakarwa ta zama bargon da kowa ke ja ya rufe abin da ya ga dama. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauki babin ka cire siffanta jikin matar da barkwancin ɗan fashin, ka ga ko saƙon ya ragu. Idan saƙon na nan daram, to abin da ka cire ba don faɗakarwa ka sa shi ba. Kuma me ya sa a daidai wannan babin ne shafukan kyauta suke ƙarewa, a ce mai son ci gaba ya biya naira 500? Kowa ya san amsar. Mun gano cewa azabar mace tana sayar da littafi, muka mayar da ita talla.

Na biyu: ai labari ba ya sa mutum kisa. A nan muna da rabin yarda. Ba mu cikin masu cewa duk wanda ya kalli fim ɗin kisa zai ɗauki wuƙa. Stanley Kubrick ya janye fim ɗinsa A Clockwork Orange na 1971 daga sinimomin Birtaniya bayan jaridu sun yi ta danganta shi da wasu laifuka, iyalinsa kuma suka fuskanci barazana, ba a sake nuna shi a can ba sai bayan rasuwarsa a 1999. Laifi bai ƙare a Birtaniya ba don an ɓoye fim ɗin. Ɓarnar da muke tsoro ta fi wannan shiru. George Gerbner, malami a Jami'ar Pennsylvania, ya shafe shekaru yana nazarin masu kallon talabijin, ya gano cewa waɗanda suka fi yawan kallo sun fi ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari, sun fi rashin yarda da mutane. Mu ƙara da abin da kowa ke gani a kansa: bidiyon gawa na farko da ka gani a waya ya hana ka cin abinci, na hamsin kana kallo kana shan shayi. Marubucin da ke ƙara gishiri a azaba kowane babi don ya motsa zuciyar da ta riga ta dakushe yana taimakawa ne wurin dakusar da ita.

Na uku: to a kira hukuma ta hana. A'a. Mun ga inda wannan hanya ta kai mu. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, rubutun bai mutu ba, daga baya ma ya koma waya inda ba mai iya ƙona shi. A 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar wasu kafafen da suka nuna shirin BBC kan Zamfara, alhali waɗannan shirye-shirye tambayoyi suke yi da ya kamata a yi. Almakashin hukuma ba ya bambance wanda ya nuna zalunci don a gane shi da wanda ya nuna shi don a ji daɗi. Marubuci ne kaɗai zai iya wannan, a kan teburinsa, kafin kowa ya gani.

Shi ma Haneke ba mu ɗauke shi waliyyi ba. An ruwaito yana cewa wanda ya fice daga kallon fim ɗin ba ya buƙatarsa, wanda ya zauna har ƙarshe shi ke buƙata. Akwai girman kai a wannan magana. Ka shirya azaba ta kusan awa biyu da ƙwarewa, ka sayar da tikiti, sannan ka zagi wanda ya saya? Kuma masu kallon da yake yi wa faɗa mutane ne da yawancinsu a allo kawai suka san kutsen gida. Namu masu karatun daban ne. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna akwai garuruwan da bugun ƙofa da dare ke nufin a yi salati. Cikin waɗanda ke karanta littafinka a waya akwai wadda aka tafi da mijinta a gabanta, akwai wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Ba ma buƙatar wani Paul ya kashe mana ido ya tuna mana cewa abin ba wasa ba ne. Saboda haka ba mu ce a kwaikwayi rimot ɗinsa ba. Abin ɗauka a wurinsa shi ne inda ya ajiye kyamara, kuma nauyin yin haka ya fi hawa kanmu fiye da shi.

Mu tuna watan Yulin 2022, lokacin da waɗanda suka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris suka saki bidiyo suna dukan fasinjojin da suke tsare da su. Su suka riƙe kyamarar, su suka zaɓi abin da za a gani, don su tsorata iyalai su matsa wa gwamnati. Mu kuma muka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Azzalumi a yau ya san darajar masu kallo, yana shirya fitowarsa kamar darakta. Idan marubuci ya zauna ya rubuta daren fashi ta idon ɗan fashi, da kwarjininsa da barkwancinsa, aikin da azzalumin ke biɗa ya yi masa kyauta.

Ga abin da muke roƙon junanmu. Kafin ka saki babin da aka shiga gida, ka ƙirga layukan da ka ba mai bindiga da waɗanda ka ba mutanen gidan. Ka ba kowane ɗan gidan suna da wani abu nasa tun kafin daren, ko da jarrabawar da yarinyar za ta rubuta gobe ce, ko bashin da maigida ke shirin biya, don mai karatu ya san abin da aka rasa. Idan an zo keta haddin mace, alƙalaminka ya tsaya a fuskarta da abin da ke ranta, ko ya fita waje ya ja ƙofa, mai karatu ba yaro ba ne. Ka rubuta washegari, da mako mai zuwa, da ranar da 'yan jaje suka watse aka bar iyalin da ƙofar da aka ɓalle. Sannan ka karanta babin a ranka kamar wadda abin ya taɓa faruwa da ita tana zaune a gabanka tana saurare. In ka ji ba za ka iya ɗaga kai ka dube ta ba, koma ka sake rubutawa.

Ɗan'uwan da ya karanta mana babinsa mun same shi mun gaya masa duk wannan baki da baki, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya yi gardama sosai, ya ce masu karatunsa shugaban 'yan fashin suka fi so a duk littafin, har suna roƙon kada a kashe shi. Muka ce ai ƙarar da muka kawo ke nan. Ya ce zai sake duba babin, ya kuma yi alkawarin sa wa yarinyar suna.

Wanda yake ganin mun yi tsauri, ko yake da hujjar da ta fi tamu, fili nasa ne, muna saurare. Wanda kuma yake da babi irin wannan a ajiye, ya daure ya kawo shi zama na gaba mu karanta tare, namu ma za mu kawo. Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ranar gobe.